Bugun da ke Saman Cibiya

Tun daga ƙarar takalmin katako a kan duwatsun lungu Fusae ta gane Genzo Urabe ne, ta kuma gane tafiyar ba tasa ba ce. Mutumin da yakan taka ƙasa kamar yana da faɗa da ita, yau ga shi yana jan ƙafa, ya yi taku kaɗan ya tsaya. Ta so a ce wucewa zai yi, sai ta ji an zuge ƙofa.

"Malama! Kina ciki, ko kin tafi kallon biki da idon da ba ki da shi?"

"Sannu da zuwa, Urabe-san. Ai yau ba ranarka ba ce."

"Ranata ce mana. Duk shekara akwai ranar da ta fi wannan zama tawa?"

Tun tana ƙarama idon Fusae ba ya nuna mata komai sai haske da inuwa. A makarantar makafi ta koyi shiyatsu, tausar da ake yi da babban yatsa da tafin hannu, ba murza ba, a danna ne a tsaya a saurari jiki. Ɗakinta yana ƙarshen lungu, bango ɗaya da shagon Tokiko mai awara, kuma da wuya a sami masunci a garin da bai taɓa kwanciya a shimfiɗarta ba. Genzo ya fi kowa daɗewa. Ya tsufa, ya bar wa ɗansa jirgi, amma bai bar wa kowa babbar gangar bikin teku ba. Yau in rana ta karkata shi zai tsaya a gabanta da sanduna biyu, ya yi ta duka har samari su sauko da akwatin ibada daga kan tudu zuwa bakin ruwa.

Makon da ya wuce ne ta ji abin. Ta zo ƙarshen tausa, ta ɗora tafin hannu a cikinsa kamar kullum, sama da cibiya kaɗan. Kowane ciki yana da bugunsa, ramammen mutum ma sai ka ce zuciyarsa ce a hannunka. Wannan daban yake. Ba tasowa kawai yake yi ba, buɗewa yake yi, yana ture yatsunta gefe da gefe, dunƙule guda kamar ƙwan agwagwa. Sau ɗaya malaminsu ya taɓa kama hannunta ya ɗora a kan irinsa. Ya ce babbar jijiyar jini ce ta kumbura har bangonta ya yi sirara, ya ce wannan ba aikin yatsa ba ne, na likita ne, ki janye nauyinki a hankali, kada ki kuskura ki danna.

Ba ta faɗa wa Genzo ba. Ba a yin haka. Mummunan labari ba a kai wa mai jikin, babban ɗansa ake kai wa, shi ya san yadda zai yi da shi. Mahaifiyarta ma haka aka yi mata, ta rasu tana zaton gyambon ciki ne. Don haka washegari Fusae ta ɗauki sandarta ta gangara bakin jirage, ta sami Norihiko, babban ɗan Genzo, yana ɗinkin raga. Ya saurare ta har ta gama.

"Mun sa ki wahala, Malama," in ji shi. "Bayan biki zan kai shi asibitin birni da kaina. Sai in ce masa gwajin tsofaffi ne."

"Ba na jin abin zai jira."

"Kin tabbata?"

Ba ta tabbata ba. Ita ba likita ba ce. Ta yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

"Kin dai san halin Baba. In ya ji, ko ya ƙi asibitin gaba ɗaya, ko ya kwanta ya juya wa kowa baya. Tun da Inna ta rasu gangar nan kaɗai ta rage masa. A bar shi ya buga ta bana. Ina roƙonki, kada ya ji daga bakinki."

Ta ji motsin rigarsa, ta gane ya sunkuya mata sosai. Ita ma ta sunkuya. Shi ke nan ta ɗauki alkawari ba tare da ta furta ba, ta dawo da shi gida, ya hana ta sakat duk makon.

Yanzu ga Genzo a kan tabarmarta yana cire rigar biki, yana nishi ta hanci don kada ta ji.

"Bayana ne," ya ce. "Tun da gari ya waye, kamar an maƙala min ƙugiya ta nan ana ja. Na shiga ruwan zafi, abin ya ƙi. Ki hau shi da gwiwar hannu ki warware min, yanzun nan ake jirana."

"Norihiko ya san ka zo?"

"Wannan? Tun da sassafe yana can yana ƙawata jirgi. Kuma shi ya haife ni da zan nemi izininsa?"

Ya fara ƙoƙarin kifa ciki. Ta tare kafaɗarsa da sauri.

"Rigingine yau, Urabe-san."

"Ciwo a baya, kwanciya rigingine? Tsufa ya kama ki, Malama."

"Ta ƙafa zan fara."

Ya yi tsaki, amma ya kwanta. Ya ce, "A taimaka min," kamar yadda kowa ke cewa, ta amsa, ta shimfiɗa masa farin ƙyalle. Ta kama tafin ƙafarsa. Ana tsakiyar zafi, gyare na ta ƙara a bishiyoyin tudu, gumi na bin bayanta, amma ƙafar Genzo sanyi ƙalau kamar kifin da aka ciro daga ƙanƙara. Ta dawo ga hannunsa kamar za ta danna tsakanin yatsu, ta saci bugun wuyan hannun. Sauri yake yi, ba ƙarfi, kamar zare na rawa. Goshinsa kuwa da ta shafa, jiƙe yake da wani gumi mai sanyi.

"Ni bayana na kawo miki, kin tsaya wasa da yatsuna."

"Ka yi haƙuri."

"To ki danna min cikin. Ran nan ma shafa shi kawai kika yi kamar mai lallashin mage. Kada ki ɗauka ban lura ba."

Ta ja gwiwa ta matso. Ta ɗora hannun dama a hankali, ba ta saki ko nauyin hannun ba. Abin yana nan. Yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashin tafinta, kuma naman da ke kewaye da shi, wanda ran nan yake da laushi, yau ya yi tauri. Da ta ɗan motsa yatsa ɗaya sai numfashin Genzo ya tsaya cak. Wannan mutumin ƙugiya ta taɓa ratsa masa tafin hannu, ya zare ta da kansa yana ba da labari.

Daga kan tudu aka fara busa sarewa, ƙananan ganguna suka amsa.

"Kin ji ko? Sun fara. Ƙarasa min in tafi."

A ɗakin tausa ba mai tashi sai mai tausa ta ɗauke hannu, ta naɗe ƙyalle, ta ce, "Ka sha wahala." Ba doka ba ce da aka rubuta, amma ko maye mutum ya zo da shi ba ya karya ta. Fusae ta san muddin ta furta kalmomin nan zai miƙe, ya ɗaure ɗamara tamau a kan wannan cikin, ya hau matakalan tudu, ya ɗaga hannu biyu sama ya sauke da dukan ƙarfinsa. Tarho kuwa yana can bakin ƙofa, wajen ajiye takalma. Kafin ta lalubo shi ya fice.

Sai ta bar hannun inda yake.

"Malama? Barci kike?"

"Ban gama ba."

"Ba ki gama me ba? Ba ki ma fara ba."

Ta tuna motsin rigar Norihiko. Ta tuna cewa a garin nan, wadda ta tsallake babban ɗa ta kai magana kunnen uba, ba a zaginta, daina zuwa wurinta kawai ake yi. Abin ya ture yatsunta, ya sake turewa.

"Urabe-san, ciwon nan ba na baya ba ne. Babbar jijiyar jininka ce ta kumbura a nan, ƙarƙashin hannuna. Ina jin ta fara yoyo. In ta fashe ba za a kai ka ko'ina ba. Ni ba likita ba ce, wataƙila na yi kuskure. Amma ba na jin na yi."

Gyare ya ci gaba da ƙara.

"Yau kika ji shi?"

"Makon da ya wuce."

"Wa kika faɗa wa?"

"Norihiko."

Ya yi wata gajeriyar dariya, ciwo ya yanke ta.

"Ashe shi ya sa. Kwanan nan da hannunsa yake zuba min giya. Ya ba ni tsokar kifi ya ɗauki kai. Ni ina cewa yaron nan ya fara hankali." Ya ja numfashi. "Cikina ne fa, Malama. Nawa. Amma ni ne na ƙarshen ji."

"Ka gafarce ni."

"Ɗauke hannunki."

"Ban gama ba."

"Malama!"

"Ban gama ba, Urabe-san."

Da yatsa biyu zai iya ture hannun. Ta ji tsokar cikinsa ta ɗaure zai yunƙura, tsoro ya sa ta rufe idon da ba ya gani. Bai yunƙura ba. Ya koma roƙo, muryar ta sauka.

"Kiɗan buɗe biki kawai zan buga. Kaɗan, har su ɗaga akwatin. Sai in miƙa sanduna in bi ki duk inda kika ce. In ma mutuwar ce, ina ya fi gaban ganga?"

In ta ce zai mutu, ya riga ya amsa. In ta ce ya tuna jikokinsa, dariya zai yi. Can sai ta ji bakinta yana magana.

"In ka faɗi a can fa? A harabar ibada, a gaban akwatin, ranar biki?"

Ta ci gaba kafin ya amsa.

"Ka fi ni sanin abin da zai biyo baya. In gawa ta taɓa wurin, sai a sauke akwati, a tsayar da komai, a yi ta zuba gishiri ana tsarkakewa. Jirage su fita bana ba a yi musu biki ba. Duk wanda raga ta yage masa, duk wanda teku ta ci ɗansa, zai ce shekarar da Urabe ya ɓata mana biki ce. Norihiko kuma ya bi gida gida yana sunkuyawa."

Ba ta taɓa yi wa mutum magana mai zafin wannan ba. Ta ji cikin ya saki kaɗan a ƙarƙashin hannunta.

"Muguwa," in ji Genzo a hankali. "Ashe muguwa ce ke."

"Kada ka motsa."

Duk da haka ba ta yarda ta ɗauke hannu ba. Ta juya fuska wajen bango. Rabonta da ɗaga murya tun tana yarinya, har ba ta san inda ake samo ta ba.

"Tokiko-san!" Sarewa ta haɗiye kiran. "Tokiko-san! Tokiko!"

Aka ji faɗuwar murfin tukunya, sai gudu, sai ƙofa.

"Lafiya? Gobara ce? Af, wannan tsohon ne? Me ka yi mata, ɗan rigima?"

"Kira motar asibiti," in ji Fusae. "Ki ce jijiyar ciki ce, tana yoyo. Ki ce tsoho ne, jikinsa ya yi sanyi."

Tokiko ta yi shiru, abin da ba a saba ji ba. Fusae ta gane ta ga fuskarsa ne, fuskar da ita ba ta iya gani, sai tsoron ya ƙaru.

"Uwar surutu," Genzo ya ce, "ki gaya musu kada su kunna jiniya. Mutane na biki, kada a dame su."

"To, ranka ya daɗe. Sai kuma me? In ce su zo da sanɗa?"

Suka ji tana juya lambar tarho, tana magana da sauri. Ta dawo ta durƙusa ta wancan gefen, warin waken suya na tashi daga hannunta.

"Suna zuwa. Amma an rufe babbar hanya saboda jerin gwano."

"Kin faɗa musu maganar jiniya?"

"Na faɗa. Na ce su kunna ta har ta fashe."

"Matar nan, tun kina budurwa ba ki da kunya."

"Kai kuma tun kana saurayi ba ka da hankali. Rufe baki ka yi numfashi."

Jiran ya yi tsawo. Fusae ba ta da abin yi sai sauraro, kuma abin da take ji ba ya ƙara mata komai sai fargaba. Bugun ya ƙara sauri, ya ƙara sirancewa. Cikin yana cika yana tauri. Genzo ya daina tsokana, ya fara cewa ƙishirwa yake ji, ta hana Tokiko ba shi ruwa. Can ya tambaya ko hadari ne ya taso, don ɗakin ya yi duhu. Tokiko ta matse wa Fusae gwiwa, ta gane rana tana nan tar.

"Urabe-san, yi min magana. Wa zai riƙe gangar?"

"Babu... duk gaggawa gare su."

"To wa ya fi dama-dama?"

Bai amsa ba. Ta sunkuya har kunnenta ya kusa taɓa bakinsa. Numfashin yana nan, guntu-guntu. Ta shiga tambayar kanta ko ran nan ta danna kafin ta gane, ko yatsan da ta motsa ɗazu ne, ko makon da ta bari ya wuce. Hannunta ya sage tun daga kafaɗa, ta kasa sanin ko nauyi take saki a kansa, sai ta tallabe wuyan hannun da ɗaya hannun.

Jiniya ta taso daga nesa. Ta zo ta tsaya wuri ɗaya tana ta kuka, ba ta matsowa. Sarewa ta yi shiru, ƙananan ganguna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka ji hayaniyar mutane suna buɗe hanya. Sannan ta matso.

Maza biyu suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya, ba su ko tsaya cire takalma ba. Ta faɗa musu abin da ta ji da inda ta ji shi. Ɗayan ya ce, "Mun gane. Sakar mana shi, Malama." Sai da Tokiko ta ɓamɓare mata yatsu. Suka ɗaga shi a kwance, suka fita da shi, ƙyallen ya zame ya faɗi a cinyarta.

Ɗan'uwan Tokiko ne ya kai su, ita da Fusae, birni a motar kai awara. An riga an shiga da Genzo ɗakin tiyata. Suna zaune a benci Norihiko ya iso a guje, rigar biki a jikinsa, yana warin gishiri da giyar shinkafa. Ya tsaya a gabanta yana haki.

"Kin faɗa masa."

"Na faɗa."

Ta jira faɗa, bai zo ba. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Me ya ce?"

"Ya ce cikinsa ne."

Rana ta kusa faɗuwa likita ya fito. Ya ja Norihiko gefe, suka yi ƙus-ƙus. Norihiko ya dawo ya ce an ɗinke, yana da rai, ya zubar da jini da yawa, sai a ga kwanakin da ke tafe. Tokiko ta fashe da kuka tana zagin tsohon.

Sai da lokacin zafi ya fara wucewa aka bar wanda ba dangi ba ya shiga. Ta same shi shi kaɗai. Muryar da takan cika lungu ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

"Muguwa ce? Matso."

Ta lalubo kujera ta zauna.

"Ɗazu likita ya sake jan Norihiko waje. Na ji su ta ƙofa, raɗa suke yi. Ya dawo yana min murmushi, wai komai lafiya." Ya kamo wuyan hannunta, riƙon ba ƙarfi, ya ja shi wajen cikinsa. "Ɗora. Ke kaɗai ce ba ki yi min ƙarya ba. Faɗa min me ya rage."

Ta ji tudun auduga da filasta a ƙarƙashin rigar, ta janye hannun.

"Wannan ba hannuna zai faɗa maka ba, Urabe-san. Wanda ya buɗe ya gani shi ya sani."

"Ba zai faɗa ba. Ba sa faɗa."

"Ka taɓa tambayarsa?"

Ta laluba kan gadon har ta sami igiyar ƙararrawa, ta sa masa a hannu.

"Zan zauna. Ba inda za ni sai ya faɗa."

Ya daɗe riƙe da ita kafin ya danna. Ma'aikaciyar jinya ta zo, ta tafi, likita ya zo. Da ya ji tambayar sai ya fara cewa ai ya yi bayani ga iyali, ya juya yana neman Norihiko.

"Likita," in ji Genzo, "ni aka yanka."

Likitan ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ɗinkin ya kama, amma ƙoda ta sha wuya lokacin da jini ya yi ƙasa, ba za ta koma yadda take ba. Za a riƙa duba ta, wataƙila nan gaba a kai ga wankin jini. Zai koma gida da ƙafarsa. Ɗaukar nauyi kuwa, da teku, da ganga, sun ƙare.

Genzo ya tambayi me ake nufi da wankin jini, aka faɗa masa. Ya tambayi ko zai ga bikin baɗi, likita ya ce yana sa rai, amma ba zai rantse ba. Fusae tana jin numfashinsa yana rawa, sannan ya daidaita.

"To," ya ce. "Yanzu na ji. Ku ɗaga min kan gadon nan, na gaji da kallon rufi."